Yadda Aka Kori Ladidi Daga Ƙungiyarta

Ladidi mutuniyar Badarawa ce, ƙuli-ƙuli take soyawa. Daminar da amai da gudawa ya kashe mata ɗiya, a asibitin Ƙaura ta haɗu da Beatrice, wata nas 'yar Kudu, wadda ta koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Da ta koma gida sai ta tara mata, suka shiga bin gidaje suna koyarwa, suna roƙon jama'a su tafasa ruwan sha, su rufe rijiya. Haka ƙungiyar Lafiya Gida-Gida ta faro, har ta kai Jangeru, ta tsallaka Zurmi.

Da sunanta ya fita, masu ba da taimako suka shigo. Aka buɗe ofis a Ƙaura, aka naɗa wani Muhtari shugaba, don shi ya iya magana da baƙi. Ladidi ba ta yi musu ba. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi hanya, motar ofis ta daina leƙa ƙauye.

Bara cutar ta sake ɓarkewa a Badarawa. Ladidi, da tsufanta, ta hau babur har Ƙaura. Maigadi ya tsare ta a ƙofa, wai ba ranar masu neman taimako ba ce. Da ƙyar ta shiga, sai ga kwalayen magani jibge har rufi. Muhtari ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta yi haƙuri, an ajiye kayan ne don bikin rabo, manya za su zo daga Gusau ƙarshen wata.

"Ɗana, yaran da na baro kwance fa? Su ma ƙarshen watan za su jira?"

"Inna, komai da tsarinsa."

Ladidi ta aika aka kirawo Beatrice, wadda ita ma 'yar ƙungiyar ce, su biyu suka dinga kinkimar kwalaye suna ɗora wa babura. Muhtari yana tsaye, ya rasa yadda zai tare tsohuwa a gaban mutane.

Kafin ta isa gida an binne yara biyu. Sauran suka sha maganin, suka tashi. Kwamitin ƙungiyar kuwa ya zauna, ya ce Ladidi da Beatrice sun saɓa ƙa'ida, aka sallame su duka biyun. Aka yi bikin, aka ɗauki hotuna, ba wanda ya ambace su.

Har yau Ladidi ba ta huce ba. Da sallah Muhtari ya aiko mata da atamfa, ta mayar masa a ledarta.