Magagi Mai Ginin Rijiya da Allura Biyu

Na san Magagi a 1975, shekara guda bayan soja sun karɓi mulki, lokacin da aka turo ni Bonkuku koyarwa. Rijiyar lakwal, wato makarantarmu, ta rufta, shi aka kira. Gajere ne, ba ya son magana, kuma da harshe yake gane ƙasa: sai ya ɗanɗana yashin da ya tono, ya ce saura gaba biyu a cim ma ruwa. Ban taɓa ganin ya kuskure ba.

A bazarar 1988 haƙorinsa na can ciki ya ruɓe. Ya cusa kanumfari ya ci gaba da aiki, har kumburi ya sauka wuya, miyau ma ya ƙi haɗiyuwa. Majo, babban malamin asibitin Filingue, ya ce sai Yamai. Ni na raka shi, don ni ke jin Faransanci.

Likita ta yi mini bayani, na mayar masa da Hausa. Allura biyu ce. Ɗaya tana kashe ƙwayar cuta, tana son kwana goma. Ɗayar, kortizon, kumburi kawai take saukarwa don kada maƙogwaro ya toshe, ba ta warkarwa. Sai an fidda mugunya, an cire haƙorin.

Kwana na uku kumburi ya sace. Ya sha kunu kwano guda, ya nemi takalmansa.

"Mushe, na warke," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal.

"Ba ka warke ba, Magagi. Allura ce ta ɓoye abin."

"Kai kana jin Nasaranci, ni ina jin wuyana. Na baro rijiya buɗe. In ruwan farko ya same ta ba a ɗaure ba, ruftawa za ta yi."

Na faɗa, na sake faɗa. Na kira likita, ta yi magana har ta gaji, ni ina juyawa. Ya dangwala yatsa a takarda, muka shiga mota.

Kwana shida ya yi cikin rami, haɓa ɗaure da rawani. Ranar Talata ya cim ma ruwa. Ranar Alhamis kumburi ya dawo, motar da ta ɗauke shi zuwa Yamai ba ta kai Baleyara ba ya cika.

Wurin zaman makoki na ji rijiyar wa ce. Ta Bintu ce, wata tsohuwar Bafillatana a ruga gabas da gari. A yunwar 1984, saniya ɗaya ta rage mata, amma kullum tana kai wa iyalin Magagi ƙwaryar nono. Ba ta roƙe shi rijiya ba. Ta ce wata safiya kawai ta gan shi yana auna ƙasa bayan bukkarta.