Kariyar Inna Habsatu

Duk wanda ya zauna a gidanmu na Zangon Kumasi ya san Inna Habsatu da abu biyu: furar da take sayarwa a ƙofar gida, da wata mummunar bishiya da take reno a cikin fasasshiyar randa. Ni Mamunatu ɗakina yana jikin nata, murhunmu ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

'Yar Adar ce, can arewa inda mutum zai wuni a tafe bai samu inuwar kirki ba. Ta biyo mijinta Seini cikin ayarin masu sayen goro, 'yan shekaru bayan Turawa sun ci Kumasi. Ran da za ta bar gida, uwarta ba ta da abin ba ta, sai ta yanko reshen kariyar da ke bakin ƙofarsu ta naɗe mata a tsumma. Wata uku reshen yana cikin kaya bai mutu ba. Uwar ce ta rasu, bayan shekara labari ya iso.

Bishiyar kuwa, Allah na tuba, ba ta da fasali. Gindi kamar tulu, rassa gajejjeru, ganye ɗai-ɗai. Mu da muka tashi a kurmi, inda ko sanda ka kafa sai ta tsiro, tsiya muke yi mata.

"Inna, yaushe za a tone rogon nan naki?"

"Ku yi ta dariya," in ji ta. "Ran da ta yi fure bakinku zai mutu."

Sai ta kama ba mu labarin tumfafiya da aduwa, da hanza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da yadda kariya ke zubar da ganye a tsakiyar rani, lokacin da komai ya ƙone, ta fito da fure. Muna gyaɗa kai don ladabi. Shekara takwas ba mu ga ko tohon fure ba.

Ana nan yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Kullum bayan salla sai in ji ta tana roƙon abu ɗaya, Allah ya nuna mata furen ƙofar innarta sau ɗaya kafin ganin ya tafi. Tausayi ya kama ni. Ga randar a rakuɓe ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya kai wa, ga ƙasarta a bushe ƙamas. Na ce tsufa ne ya sa ta mantuwa. In na wanke gero sai in faki idonta in juye ruwan a gindin.

Wata safiya ta latsa gindin, yatsanta ya nutse. Ya ruɓe.

"Wa ke ba ta ruwa?"

Can Sumana, ƙanen mijina, ya ce shi dai ragowar ruwan alwala yake zubawa, don ya ji malam ya ce shayar da shuka sadaka ce. Na ce ni ma. Matar Awalu mahauci ta ce ita ma. Sai ga Malam Seini da kansa yana sosa ƙeya, shi da ya san dawa, wai ya ɗauka a ƙasar ruwa kowa ruwa yake so. Tun zuwansu yake yi. Mu huɗu, kowa yana ɓoye wa kowa, kowa yana jiran lada.

Na zaci za ta yi kuka. Dariya ta yi har ta zauna a kan turmi.

"Ashe ni ina horonta da ƙishirwa, ku kuna yi mata ɗura. Ku ba ni wuƙa."

Ta yanke reshe ɗaya mai lafiya, ta rataye shi a inuwa kwana goma har bakin yankan ya bushe. Ta aiki Sumana rafin Subin ya ɗebo yashi, ta gauraya da gawayi, ta dasa. Daga ranar muciyarta na jingine da randar, tana jiran mai zuba ruwa. Wanda duk ya gifta da buta sai ya ɗaga ta sama ya yi rantsuwa.

Wallahi na sha wuya. Ganin shuka cikin busasshen yashi kana riƙe da ruwa, ba ƙaramin jihadi ba ne.

Rani ya zo ya wuce, ba komai. Kafin na biyu Inna ba ta gane fuska sai murya. Kariya ta zubar da ganyenta kaf, na ce shi ke nan, mun kashe ta. Wata ranar Laraba na fito shara na ga abu uku a kan reshe. Na yar da tsintsiya, na jawo Inna da hannu.

"Inna, launinsa..."

"Rufe mini baki, Mamunatu. Kar ki faɗa."

Ta durƙusa, ta kai fuska har hancinta ya taɓa furen. Ta daɗe a haka.

"Ja a baki, fari a ciki," ta ce. "Haka yake a ƙofar innata."

Ranar duk Zango an sha fura kyauta, har matan Tonawa, wato Asante, masu kawo ayaba sun shigo kallo. Da damina ganin ya tafi gaba ɗaya, ba ta taɓa kuka da shi ba. Ta ƙara shekara shida tana dama fura da lalube, kuma kowace safiya sai ta tsoma yatsa a yashin randar, ta juyo da kai wajen ɗakina.

"A bushe yake, Inna," nake cewa.

"Na ji. Allah ya yi miki albarka."