Mai Gishiri a Kasuwar Sömmerda

Shekara biyu ke nan da gama yaƙin Faransa. A kasuwar garinmu Sömmerda wata dattijuwa tana sayar da gishiri. Takan naɗe takarda a jikin ɗan itace, ta zuba awo, ta ɗaure wuyan da zare, yadda matan garinmu ke ƙunshe albarushi da dalma don bindigar sojoji. Ita ma ta yi wannan aikin; har yau baƙin albarushin bai bar yatsunta ba.

Wani tsohon soja ya ɗaga ƙunshin gishirin da ya saya yana dariya. "Iya, miya zan harba da wannan?"

Ba ta yi dariya ba. "Ɗan nan, harsashinmu ya taɓa ƙin tashi a hannunku?"

"In ruwan sama ya jiƙa shi, sau da yawa."

Ina jin akwai wani nata da bai dawo daga yaƙin ba. Ta karɓe ƙunshin, tana ƙara masa takarda ta biyu.