Katunan Roni da Gara ta Ci

Jiya wayar jikanyata ta faɗa rijiya da duk hotunanta, sai na tuna da Baba, dattijon da ke riƙe da ɗakin ajiyar bayanai a tashar binciken iri ta wajen Kazaure, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa. Ni ne akawunsa.

Kowane sakamakon gwajin gero sai ya sa na rubuta shi a kati biyu. Na gaji, na daina kwafar katunan gwajin yankin Roni a ɓoye.

Wata safiya na jawo durowar Roni, warin ɗanyar ƙasa ya buge ni. Gara ta cinye aikin shekaru, ga manyan masu bincike suna tafe.

"Baba, ban kwafi waɗannan ba," na ce.

"Na sani, Malam Akawu."

Ya kai ni wani ɗaki, ya buɗe akwatin ƙarfe da ke bisa duwatsu. Kwafin katunan Roni duk suna ciki, da rubutun hannunsa mai karkarwa.

Ya ce, "Abin da ke wuri ɗaya rabon gara ne."

Har yau gabana na faɗuwa in na ga takarda tilo. Allah ya rufa masa asiri a kabarinsa yadda ya rufa mini.