Wayar dutsen gugata

A shekarun farko bayan Gana ta sami 'yancin kai ina ɗinki a unguwar Nima, a wani ɗan shago da ke bakin ƙofar gidan da muke haya. Da aka ja mana wutar lantarki sai na ajiye dutsen gawayi, na sayo dutsen guga na wuta a kasuwar Tudu, na hannu. Wata uku ya yi mini aiki, ran nan ya ƙi zafi.

Na kwance shi, na ga siririyar wayar da ke naɗe a ciki ta ƙone a tsakiya. Na yanke wurin da ya lalace, na ƙulla sauran. A zatona tunda wayar ta gajarta zafin ma zai ragu. Ina jonawa ya ɗauki zafi har ya babbake ƙyallen da na gwada, can kuma fis ɗin gidan ya tsinke. Rediyon maigida ya yi shiru ana tsakiyar labaran rana.

A ɗakin ƙarshe akwai wani dattijo Bazabarme, tsohon soja, wanda ya koyi aikin waya a bariki. Ya fito da carbinsa a hannu, bai yi faɗa ba.

"Tela, me ka yi wa wutar?"

Na nuna masa. Ya juya dutsen, ya kankare wani ɗan ƙarfe da ke gindinsa da farce.

"Karanta nan."

"Ɗari biyu da arba'in, Baba. Sai kuma huɗu."

Ya tsuguna, ya ɗauki allin da nake zana yadi da shi, ya fara rubutu a kan siminti. Ya ce ɗari biyu da arba'in ɗin bolt ne, wato ƙarfin da ke tura wutar. Huɗun kuma amfiya ne, yawan wutar da ke bi ta cikin wayar.

"Raba na farko da na biyu."

Lissafin awon yadi ya taimake ni. Na ce sittin.

"Turjiyar wayar ke nan, om sittin. Yanzu ninka su."

"Ɗari tara da sittin."

"Wat ke nan, abin da dutsen yake ci."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wata tsohuwar mita mai allura, ya auna wayar da na ƙulla. Arba'in ta nuna. Ya sa na raba ɗari biyu da arba'in da arba'in, na sami shida.

"To ka gani. Ka rage waya, ka rage turjiya, wuta ta sami hanya ta kwararo. Fis ɗinmu kuwa biyar yake ɗauka."

Na daɗe ina kallon lambobin, domin abin ya zo mini a juye.

Washegari muka shiga mota tare zuwa Tudu, ya zaɓi sabuwar waya, ya yi ta aunawa har allurar ta tsaya a sittin kafin ya bari a yanka. Da muka dawo gida ya naɗa ta a cikin dutsen. Da na tambaye shi ladan aikinsa, sai ya miƙo mini tsohuwar rigarsa ta soja, ya ce wuyan ya cinye, in juya masa. Na juya, na goge ta da dutsen, ya saka ta ya tafi sallar la'asar.