Ranar da Na Yanke Sallah Saboda Na'ura Mai Taya

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har wani lokaci sai in tashi neman hulata alhali tana bisa kaina. Amma ranar da na yanke sallah a bayan surukina saboda wata na'ura mai taya, wannan ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Gazara. Rake nake nomawa, in dafa mazarƙwaila in kai kasuwar Makarfi. Boko na ɗan leƙa, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. A allo kuwa, cikin ƙananan surori na kafa bukka, har yau ina nan. Sai Allah ya yi ikonsa, 'yata ta fari ta auri ɗan wani babban malami daga wajen Kudan. Ni da ake cewa ko a wurin zaman makoki sai na sa mutane dariya, in na ga malamin nan sai bakina ya yi nauyi, in rasa inda zan ajiye hannuwana.

Cikin tsakiyar damina haihuwa ta zo wa yarinyar da gardama. Muka ɗauke ta zuwa wani asibitin kuɗi a Ikara. Likita, wani saurayi siriri, ya duba ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, ga jini ya ɓalle, sai an yi tiyata. Matsalar ita ce ɗakin tiyatar ɗaya ne, kuma ba a daɗe da fito da wani mutum ba wanda ƙafarsa ta ruɓe da irin ciwon da ba ya jin magani. Ma'aikata suka shiga wanke ɗakin, amma likita ya ce wanka kaɗai bai isa ba, sai na'ura ta shiga ta bi ko'ina kafin ya kwantar da mace a kan gadon nan.

Na'urar gwaji aka kawo musu ita. Na gan ta tun shigowarmu, an jona ta da wuta a can ƙarshen baranda. Kamar ƙaramin firji take, da tayoyi a ƙasa da hannu guda a sama. Ni kuma ko a wane hali nake sai na yi tambaya. Wata nas 'yar kudancin Kaduna ta ce mini, "Baba, iska take hurawa wadda lantarki ya ratsa. Ba ta da zafi, ko roba ba ta narkarwa, amma duk ƙwayar cutar da ke kan gado ko almakashi ko bango, in ta bi ta kai, ta mutu."

Na ce, "Wuta marar zafi? 'Yata, a garinmu wannan aikin aljanu muke kira."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Aljanin nan yana da ladabi, Baba. Da kanta take tafiya, amma in ta ga mutum ko kaya a gabanta tsayawa take yi, ba ta motsi sai an kauce."

Kafin la'asar dangi sun cika wurin, namu na Gazara da Dandamisa, ga su malam daga Kudan. Sai hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masallacin asibitin yana can bakin ƙofa, tsakar gidan kuwa ta zama tafki. Malam ya ce kada mu jinkirta sallah a irin wannan rana da muke da buƙata wurin Ubangiji, mu yi ta nan. Barandar siririya ce, ta miƙe gabas sak, ƙarshenta ƙofar ɗakin tiyata. Aka tara takalma a baya, aka shimfiɗa tabarmi, sahu bayan sahu daga bango zuwa bango. Ni ɗan sahun ƙarshe ne tun ina saurayi, amma ranar aka turo ni gaba, wai uban marar lafiya. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya yi tunanin hanyar wa muka tare.

Malam ya kabbarta. Duk wanda ya taɓa binsa sallah ya san ba ya gaggawa, balle ranar da sarakuwarsa take tsakanin rai da mutuwa. Muna tsaye a raka'ar farko sai na ji wani ɗan gurnani yana tahowa daga bayanmu. Ya matso, ya matso, sai ya ɗauke. Sai wani ƙara siriri, ɗit, ɗit, ɗit. Nan take na gane na'urar ce.

Na ji muryar nas ɗin a hankali, "Baba, don Allah ku ba da hanya." Nas ɗin ta tashi cikin Musulmi, ta san ba a ratsa masu sallah, ta tsaya tana maimaitawa kamar mai roƙon gafara. Ƙofar tiyata ta buɗe, likita ya leƙo, ya gan mu jere, ya dafe kai. Ya ɗaga murya ya ce wa nas ɗin, da Hausa kuma, na san don mu ji, "Jininta yana sauka. In na'urar ba ta shigo yanzu ba, zan buɗe yarinyar haka nan, abin da ya shige ta kuma sai Allah."

Kowa ya ji, ban da malam. Kunnensa ya yi nauyi da shekaru, ga ruwa yana dukan kwano. Sauran kuwa ɗalibansa ne da 'ya'yansa da mutanen ƙauye, wa zai fara fita daga sallah malam yana tsaye? Mijin yarinyar yana kusa da ni, shi ma ya ji, amma ubansa ne a gaba.

Ni kuwa abu biyu suka riƙe ni. Na farko, ni ne jahilin sahun. In na yanke, ina ganin za a ce dama mai mazarƙwailar nan bai san darajar sallah ba. Na biyu, 'yar fari ce. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa nuna damuwa da ita a gaban mutane ba, haka muka gada. Yau kuma a gaban surukai? Fatiha ta tsere mini daga baki. Ɗit, ɗit, ɗit. Daga ɗakin da take kwance na daina jin nishinta, sai kukan uwarta.

Na yi sallama ni kaɗai. Na janye tabarmata, na manne da bango, wai in buɗe hanya. Wallahi kafin in ɗaga kai, wani bawan Allah daga sahun baya ya taka a nutse ya cike gurbina, ya haɗa ƙafa da ƙafa. Bai yi laifi ba, abin da aka koya masa ya yi, ba a barin ɓaraka a sahu. Na ja masa riga, ya ture ni da gwiwar hannu bai ko waiwayo ba. Shi ma gurbinsa wani ya cike. Na ga in haka za a yi, sai in kwana ina jan riguna.

Ban san sanda na tsallake zuwa gaban sahu ba. Na kama kafaɗar malam, mutumin da ko idonsa ba na iya kallo, na kai bakina kunnensa na kurma ihu. Na kira sunan yarinyar, karon farko a rayuwata, na ce, "Malam! Za ta mutu! Mun tare hanya!"

Ya juyo da ido jawur, na ce a raina yau na gama yawo. Ya dubi likita, ya dubi na'urar a can baya, sai ya daka tsawa, "Ku kauce! Ku kwashe tabarmi!" Da hannunsa ya naɗe buzunsa. Mutane suka dare gida biyu suka manne da bango. Na'urar ta motsa kaɗan ta sake tsayawa, ashe tulin takalma ne a gabanta. Sai ga malam da rawaninsa ya durƙusa yana kwasar silifas ɗin mutane a ƙirji, ni ina watsa sauran cikin ruwa.

Ta taho ta tsakiyarmu sannu-sannu kamar amarya. Na kai hannu zan tura ta, nas ta ce, "Baba, kar ka matso, tsayawa za ta sake yi!" Na koma na lafe, na shanye cikina. Ta shige, aka rufe ƙofa. Ta gilashi muna hango hannunta yana bin gado da tiren kayan aiki, da wani haske ruwan shuni a bakinsa. Ban taɓa jiran abin da ya kai wannan tsawo ba. Da ta fito aka turo yarinyar, fuskarta kamar toka, leɓe a bushe. Na kawar da kai, na zauna a ƙasa.

Muka koma wani lungu da ba hanyar kowa ba muka sake sallar, kuma ban taɓa ganin malam ya taƙaita irin ta ranar ba. Muna cikin addu'a muka ji kukan jariri. Likita ya fito ya ce uwar ta sha wuya, sai an ƙara mata jini, amma tana nan da rai. Ɗinkin ma ya warke lafiya, bai yi ruwa ba.

Na je ba malam haƙuri kaina a ƙasa. Ya ce, "Haƙurin me? Sallah ana sake ta. Da ka yi shiru, da ni da duk wanda ya ji ya ƙi magana mun kwashi alhaki."

Abin da na koya ke nan. Kunya ado ce, ladabi ma haka, amma ranar nan kowa ladabi yake yi: nas tana yi, miji yana yi, har ƙarfen ma ya tsaya yana jiran a ba shi izini, yarinya kuwa jininta yana zuba. In ka ga rai yana hanyar salwanta kowa yana jiran wani ya fara magana, kada ka tsaya auna iliminka ko girman wanda ke gaba. Buɗe baki ka yi ihu, in ya so a yi maka faɗa daga baya.