Naman Sunan Da Aka Dawo Mana Da Shi

Shekara talatin ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Ni ban yi karatu ba. Faɗa nake yi, 'yata Hajiya Rabi tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina sai ta dakata.

Malam tela ne a wani ƙauye kusa da Wurma. Tun Turawa na mulki ya shiga siyasar neman 'yanci. Cewa yake yi gona ta mai noma ta ce, Bature ya tafi, kuma kada ya bar wa wani bulalarsa a ci gaba da dukan talaka. Sai aka laƙaba masa ɗan gurguzu. Na taɓa tambayarsa mene ne gurguzun.

Ya ce, "Tuwon da kika tuƙa, kowa ya sa hannu."

Na ce, "To, tuƙin ma a riƙa sa hannu mana."

Ya yi dariya har ya ƙware.

Ina da cikin fari dagacinmu ya kira shi. Malam ya shiga da takalmansa, ya yi sallama a tsaye, bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Washegari aka yi shela cewa ɗan gurguzu ba ya salla, kada wanda ya sake taka ƙofarmu. Alhali mutumin nan a sahun farko suka saba ganinsa.

Na haifi namiji. Ranar suna liman bai zo ba, wanzami bai zo ba. Malam ya shimfiɗa tabarmi a zaure, ya zauna shi kaɗai har hantsi. Sannan ya yanka ragon da kansa, ya ɗaga murya ya faɗi sunan, don in jiyo daga ɗaki. Ya bi gida gida da nama. Kafin la'asar kwanonin sun dawo, an jera su a ƙofa, a rufe yadda ya kai su. Gwaggo Indo, wadda ta yanke wa yaron cibi, ita kaɗai ta leƙo. Ta ajiye nata ta ce, "'Yar nan, yafe mini. Ni ma 'ya'ya gare ni a garin nan."

Ban gama wankan jego ba zazzaɓi ya ɗauke yaron. Malam ya yi masa wanka, ya sallace shi, ba kowa a bayansa. Ya kai shi gindin kanyar da ke gefen gonarmu. Ina ɗaki ina jin saran ƙasa, na mutum ɗaya, ba mai karɓarsa. Ban yi kuka ba. A wurinmu uwa ba ta kukan ɗan fari a fili, ba ta kuma kama sunansa.

Turawa suka tafi, mutane suka dawo da ɗinkinsu kamar ba a yi ba. Malam bai taɓa cin zaɓe ba, bai kuma daina maganarsa ba. Amma tun daga ranar, duk wanda ya mutu a ƙauyen nan shi ke fara isa maƙabarta da magirbi. Har kabarin dagacin shi ya fara sara.

Yau ina Dutsin-Ma, 'yan bindiga sun tashe mu. Nakan ce da Malam zai dawo, me zai ce? Shi da ya ce gona ta mai noma ta ce, ga shi manomi ba ya iya taka gonarsa. Ina jin dai takalmansa zai sa ya fita. An gaya mini kanyar ma an sare ta an yi gawayi. In magina suna haƙa a maƙwabta, nakan ajiye carbi in kasa kunne.

Malam bai mutu ya bar gida ba, bai bar muƙami ba. Ya bar mutanen da ba a rufe su cikin kaɗaici ba. Sai nasa ɗan, wanda babu alamar kabarinsa, kuma mutum biyu kaɗai suka ji sunansa, ɗaya yana ƙasa. Ni ma na kusa. Ko Rabi ba ta san shi ba, ga ta nan ta ɗago kai tana kallona.

Rubuta, Rabi. Allah ya gani, na yi kunyar iya yina. Sunan yayanki Isiyaku. Duk wanda ya karanta, ya kira shi da bakinsa, ya yi musu addu'a shi da ubansa.